TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI LIKITA ANDREW STIRRETT, BATURE MAI MAGANI (1865 – 1948)

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya raya mu har muka ga wannan rana ta bikin cikar ikilisiyarmu shekara 50. Kwamitin shirya biki ya roƙe mu mu rubuta tarihin ɗaya daga cikin magabatanmu na bangaskiya domin a sa cikin wannan littafi, mu kuwa muka zaɓi Likita Andrew Park Stirrett, wanda Hausawan zamaninsa suka sani da suna Bature Mai Magani. Ya rasu tun kafin a kafa wannan ikilisiya, kuma da yawa cikin matasanmu ba su taɓa jin sunansa ba, ko da yake kowace Lahadi suna cin moriyar aikinsa. Mun zaɓe shi ne domin mutum ne wanda ya jira abu ɗaya har shekara 30 bai fid da zuciya ba.

A bakin mutanen gari, bege shi ne marmarin wanda ke nesa da kai. A bakin masu bi kuma, bege shi ne sa zuciya ga alkawarin Allah wanda ido bai gani ba tukuna. Wannan dattijo ya riƙe duka biyun, gama begen Hausawa ne ya raba shi da ƙasarsa, begen alkawarin Allah kuma shi ya zaunar da shi a tamu.

HAIHUWARSA DA KIRANSA

An haifi Stirrett a shekarar 1865 a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kantunan magani a birnin Toronto, ya kuma yi karatun likitanci. Allah ya sa wa kasuwancinsa albarka har ya mallaki dukiya da gidaje. A takaice, ba talauci ne ya koro shi ba.

Kafin mu ci gaba, sai mun koma baya kaɗan. A ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin kawo bishara ƙasar Sudan. Ba ƙasar Sudan ta yau ake nufi ba. A wancan zamani haka Turawa suke kiran dukan ƙasashen da ke kudu da hamada, har da ƙasar Hausa. Cikin shekara ɗaya Gowans ya rasu a Girku ta wajen Zariya, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuma ya koma gida da ciwo. A 1900 Bingham ya sāke zuwa, zazzaɓi ya sāke mayar da shi. A wannan shekara ce kuma Bishop Tugwell da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS suka iso har cikin birnin Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juya. Sai a 1902 ne ƙungiyar Bingham, wadda daga baya aka sani da SIM, ta sami wurin zama na farko a Pategi, ƙasar Nufawa, a bakin Kwara.

Wannan shi ne labarin da ya kai kunnen Stirrett ta wurin wani ɗan littafi da Bingham ya rubuta: kaburbura biyu, da tafiya biyu da suka watse. Mai hankalin kasuwa ba ya zuba jarinsa a irin wannan wuri. Amma ya tattara dukiyarsa ya miƙa wa mishan, ya ce a aike shi. Shugabannin suka yi jinkiri, domin ya kai shekara 37, su kuwa sun ga yadda ƙasar ta cinye samari masu jini a jika. Bai tsaya jiran amsarsu ba. Ya haye zuwa Ingila, ya ƙara koyon maganin cututtukan ƙasashe masu zafi, ya shiga jirgin ruwa, kafin ƙarshen 1902 yana Pategi.

SHEKARUN JIRA

Nan fa gwajin ya soma. Abokan aikin da ya tarar, waɗansu ciwo ya mayar da su gida, wani ya riga mu gidan gaskiya, har aikin ya kusa zama a kafaɗarsa shi kaɗai. Sa'an nan a 1903 Turawan mulki suka ci Kano da Sakkwato, Gwamna Lugga kuma ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin sha'anin addini ba. Abin da ya biyo baya shi ne, aka hana 'yan mishan zama a yawancin ƙasashen sarakunan Arewa. Mutanenmu da yawa suna zato Baturen mulki da Baturen mishan bakinsu ɗaya ne. Ba haka abin yake ba a nan. Mutumin da ya bar kome domin Hausawa, sai ga shi 'yan'uwansa farar fata ne suka rufe masa ƙofar ƙasar Hausa.

To, me ya yi cikin waɗannan shekaru? A nan muke so mu daɗe kaɗan, domin a nan darasin yake.

Da fari, ya koyi Hausa, ya koye ta sosai, ko da yake ba a ba shi izinin zama cikin masu harshen ba. Ya lura cewa Bahaushe ba mazauni ba ne. Duk inda akwai kasuwa akwai shi. Saboda haka ya bi fatake zuwa zangonsu. Ya yi aiki a Wushishi, ya bi hanyoyin fatauci, in ayari ya sauka da yamma sai ya je ya zauna da su, ya duba marasa lafiya, ya ɗaure gyambo, ya ba da maganin zazzaɓi, sa'an nan ya faɗa musu labarin Yesu. Da gari ya waye ayarin ya tashi, mai yiwuwa ba zai sāke ganin ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Daga nan sunan Bature Mai Magani ya bi bakin fatake ya shiga garuruwan da ƙafarsa ba ta iya shiga ba. Ya kuma riƙe shugabancin mishan a Nijeriya na waɗansu shekaru, kafin Guy Playfair ya karɓa.

Da aikin haƙar kuza ya bunƙasa a Jos, Hausawa suka cika garin, 'yan kasuwa da leburori, mishan kuma ta mayar da hedkwatarta can. Stirrett ya mai da kasuwar Jos wurin aikinsa. Gajeren mutum ne, don haka yakan hau kan dutse domin a gan shi, ya yi wa'azi da Hausa, yau da gobe, rani da damina, har tsufansa. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ƙiyasta cewa ya yi wa'azi wajen sau 20,000, ga mutane kimanin miliyan ɗaya da rabi. In aka raba wannan da shekarun da ya yi a ƙasar nan, ya fi sau ɗaya kowace rana ta Allah. Amma in aka tambayi yawan Hausawan da ya gani da idonsa sun karɓi baftisma a waɗannan shekaru, kaɗan ne ƙwarai in an gwada da yawan masu sauraro.

Mu mutanen Watari manoma ne, mun san abin da ake kira binne. Mutum ya ɗauki irin geronsa, wanda ya hana 'ya'yansa ci tun kaka, ya zuba shi cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba. Wata shekara tururuwa ta kwashe, wata shekara yayyafi ya sauka irin ya tsiro sa'an nan rana ta ƙone shi, a sāke shuka. Duk da haka ba mu taɓa ganin manomin da ya ce tun da bara binnensa ta lalace, bana ba zai je gona ba. Manzo Yakubu ya kafa misali da haƙurin manomi a sura 5 ta wasiƙarsa, Manzo Bulus kuma ya nuna a Romawa 8 cewa abin da mutum ya riga ya riƙe a hannu ba ya bukatar sa zuciya. Aikin Stirrett na shekara 30 binne ne.

Abin da ya riƙe shi kuwa ba wani abin ɓoye ba ne. Abokan aikinsa sun shaida cewa tun kafin ƙarfe 4 na asuba yake tashi domin addu'a da karatun Maganar Allah, kuma bai yarda gari ya waye masa a kan gado ba. Cinsa da suturarsa na talaka ne. Yana da lokacin addu'a, da lokacin rubutu, da lokacin zuwa kasuwa, ba ya sāke su domin ransa ya ɓaci ko domin jiya ba wanda ya saurare shi. A ganinmu wannan ne ya bambanta shi da yawancinmu. Mu mukan jira sai zuciya ta yi daɗi kafin mu yi addu'a, in kuwa taki ya yi tsada, ko yaro ya kwanta ciwo, ko an hana mu wani abu da muke ganin hakkinmu ne, sai a neme mu a majami'a a rasa. Shi kuwa ya ɗaure begensa a jikin agogo, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke domin kada ta bi iska.

Wani zai ce, ai Likita bai yi aure ba, ba shi da kuɗin makarantar yara a wuyansa, ba shi da surukai, ba shi da rumbun da zai duba ya ga ya yi ƙasa a watan Yuli. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya zama kamarsa ba. Mai iyali yana da nasa kayan da Stirrett bai ɗauka ba. Haka kuma zamani ya sāke. Ba mu shawarci matasanmu su hau dutse a kasuwar Bichi ko ta Bagwai ba, gama zaman lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke haɗa iyakar gona da su, muke shan ruwan madatsa ɗaya, shi ma shaida ne. Amma tashin asuba ba na marar aure kaɗai ba ne. Uwayenmu na zumuntar mata da suke fitowa addu'ar safe kafin su ɗora tukunya, sun fi kowa kusa da halin wannan dattijo.

LITTAFI DA WAƘA

Aiki na biyu da ya cika shekarun jiransa shi ne fassara. Likita Miller na Zariya shi ne ya ɗauki babban nauyin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, Stirrett kuwa yana cikin waɗanda suka zauna shekara da shekaru suna dubawa suna gyarawa tare da shi. Akwai kuma 'yan ƙasa masu harshen da suka taimaka da zaɓen kalmomi, waɗanda ba a rubuta sunayensu yadda ya kamata ba, wannan kuwa rashin adalci ne na wancan zamani. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ku duba fa: an gama littafin tun ba a ga ikilisiyoyin Hausawa da za su karanta shi ba. Waɗanda suka fara moransa da yawa ma ba Hausawa ba ne, kabilun Filato da kudancin Zariya da Bauchi da Adamawa ne, waɗanda Hausa ta zama musu harshen sujada. Stirrett ya kuma sa hannu cikin shirya waƙoƙin yabo na Hausa, irin waɗanda muke rerawa har yau.

Sannu a hankali ƙofa ta soma buɗuwa, kuma ba ta inda aka zata ba. A 1924 SIM ta sami wurin zama a Damagaram, a ƙarƙashin mulkin Faransa, tun kafin ta samu a Kano. A 1933 aka buɗe tasha a Kano, Stirrett yana gab da shekara 70. A 1937 aka danƙa wa mishan kula da masu ciwon kuturta, aikin da ya kafu a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Wato hanyar shiga ƙasar Hausa ta biyo ta wurin mutanen da kowa yake ƙyama. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, inda iyayenmu da yawa, Kirista da Musulmi, suka sami ganinsu. Aka kuma buɗe tashoshi irin su Roni da Karaye da Malumfashi, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa kuma ta horar da masu bishara daga cikin 'ya'yan ƙasa.

Ya ga farkon wannan da idonsa, amma farkon kaɗai. Bai yi ritaya ya koma Kanada ba. Ya ci gaba da zuwa kasuwa yana tsoho tukuf, har Ubangiji ya kira shi gida a Jos ranar 9 ga Yuli 1948, yana da shekara 82, bayan kusan shekara 46 a Nijeriya. Shekara 6 bayan rasuwarsa, a 1954, aka kafa ECWA a hannun 'yan ƙasa. Babban juyowar Maguzawa zuwa ga Almasihu a ƙauyukan Kano da Katsina kuwa sai cikin shekarun 1970 ya zo, ta bakin masu bishara baƙar fata waɗanda suka zauna cikin ƙauye suka yi noma tare da mutane. Lokacin nan Likita ya fi shekara 20 a kabari. Iyayen da suka aza harsashin wannan ikilisiya, suka yi sujada a gindin itace kafin a ɗora jinka, 'ya'yan wancan lokaci ne.

A 1979 aka fito da sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda yawancinmu muke riƙe da ita, amma har yanzu akwai dattawa a cikinmu da ba su rabu da tsohuwar ba, domin da kalmominta suka haddace ayoyinsu na fari. Muna roƙon duk gidan da ke da tsohon littafin nan, ko da bangonsa ya yage, ya kawo shi wurin dattawan ikilisiya kafin sujadar godiya, domin a ajiye shi a gaban bagade yaranmu su gani, a kuma mayar wa mai shi bayan an tashi.