Pat Summitt: Matar da ta yi shekara 38 tana horas da ƙungiya ɗaya

Duk wanda ya taɓa riƙe shago ko rumfa a kasuwa ya san cewa samun yaro mai amana wanda ya iya ciniki abu ne mai wuya, riƙe shi kuma ya fi wuya. Da zarar hannunsa ya faɗa, maƙwabta za su fara zawarcinsa, idan maigida bai kyautata masa ba sai a wayi gari ya tafi, masu saye su bi shi. Wannan matsala ba a kasuwa kaɗai take ba, har manyan jami'o'in Amurka suna fama da ita a fagen wasanni. Shi ya sa a filinmu na yau muka kawo muku tarihin marigayiya Pat Summitt, wadda ta horas da ƴan matan Jami'ar Tennessee wasan ƙwallon kwando daga 1974 zuwa 2012, a tsawon lokacin da ƙungiyar maza ta jami'ar ta ga masu horaswa har tara.

Ga waɗanda ba su saba da wasan ba, ƙwallon kwando wasa ne na mutum biyar-biyar, inda kowane ɓangare yake ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin wani zobe mai raga da aka rataye a sama, tsayin mita 3 da ɗan ɗori. A Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyinsu, na maza daban, na mata daban, kuma akwai gasar ƙasa da ake yi kowace shekara, wadda take jawo ɗimbin ƴan kallo da kuɗin talabijin. Ɗalibi shekara huɗu yake wasa ya wuce, saboda haka mai horaswa shi ne jarin da yake zama. Shi ne yake bi gida-gida yana neman yara masu hazaƙa, kuma sunansa ne iyaye suke dubawa kafin su ba da ɗansu ko ƴarsu.

Asalinta

An haifi Patricia Sue Head ranar 14 ga watan Yuni 1952 a garin Clarksville cikin jihar Tennessee. Ita ce ta huɗu cikin ƴaƴa biyar, yayyenta uku duk maza ne. Mahaifinta Richard Head manomi ne mai kiwon shanun madara, yana kuma noman taba, mutum ne mai tsanani wanda ba ya wasa da aiki. Tun tana ƙarama take tatsar shanu da aikin gona tare da yayyenta, idan an tashi aiki da dare sai su hau saman rumbun ciyawa, inda mahaifinsu ya kafa musu zobe, su yi ta wasa biyu da biyu.

Da ta isa shiga makarantar sakandare, sai aka tarar makarantar yankinsu ba ta da ƙungiyar ƴan mata. Mahaifin nan mai tsanani ya kwashe iyalinsa ya koma Henrietta, don ƴarsa ta samu shiga makarantar da take da ƙungiya. Ku kwatanta da magidancin da zai tashi daga Tibiri ya koma Jiratawa da zama, ba don gona ko kasuwa ba, sai don ƴarsa mace ta samu abin da take so. A 1970 ta shiga Jami'ar Tennessee reshen garin Martin. Yayyenta maza sun yi karatu kyauta albarkacin wasanni, amma ita sai da iyayenta suka biya, domin a wancan lokaci ba a ba mata irin wannan tallafi. Sai a 1972 aka kafa wata doka a Amurka da ta haramta nuna bambanci tsakanin mace da namiji a makarantun da suke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma an ɗauki shekaru kafin dokar ta fara aiki sosai a filayen wasa.

Farkon aiki

A 1974, tana da shekara 22, babbar Jami'ar Tennessee da ke birnin Knoxville ta ɗauke ta a matsayin mataimakiya, tana aiki tana ƙaro karatu. Kafin a fara wasannin shekarar sai mai horas da ƙungiyar ta ajiye aikin, aka ɗora wa Pat nauyin gaba ɗaya. Wasu daga cikin ƴan wasanta shekara ɗaya kawai ta ba su. Albashinta dala 250 ne a wata, muna nufin dalar Amurka, ba dalarmu ta kasuwa ba, kuma ko a can wannan kuɗi ba su taka kara sun karya ba. Ita ce take wanke rigunan wasa, ita ce take tuƙa motar da take kai su garuruwa, har akwai lokacin da suka kwana a kan tabarmin ɗakin wasan abokan karawarsu saboda rashin kuɗin masauki.

Wasanta na farko a watan Disamba 1974 an cinye ta da maki ɗaya tak, 84 da 83. Nasararta ta farko ta zo ranar 10 ga Janairu 1975, a gaban ƴan kallo 53. A shekarar ce mu a nan Nijar aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tahoua, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobinta. Ta gama kakar farko da nasara 16 da faɗuwa 8, kuma tun daga nan har ta bar aiki ba a taɓa samun shekarar da faɗuwarta ta fi nasararta yawa ba.

A lokacin ita ma ba ta daina wasa ba. Duk da mummunan raunin da ta ji a gwiwa a shekararta ta ƙarshe a Martin, ta yi jinya ta koma fili, ta shiga tawagar Amurka a wasannin Olamfik na Montreal a 1976, karo na farko da aka sa ƙwallon kwandon mata a gasar, suka zo na biyu. A 1984 kuma, a Los Angeles, ita ce ta horas da tawagar da ta ci wa Amurka zinarenta na farko a wannan fanni. A tsakanin nan, a 1980, ta auri wani ma'aikacin banki mai suna R.B. Summitt, wanda daga gare shi ta samu sunan da duniya ta san ta da shi.

Haƙurin shekara goma sha uku

Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne, sai a kakarta ta 13 ta ɗauki kofin ƙasa. Sau da dama tana kaiwa dab da ƙarshe ana kayar da ita, amma jami'ar ba ta sallame ta ba. A 1987 ƴan matanta suka doke Louisiana Tech da ci 67 da 44, ƙofa ta buɗe. Ta sake ɗaukar kofin a 1989 da 1991, sannan sau uku a jere a 1996 da 1997 da 1998, sai kuma 2007 da 2008, jimilla takwas ke nan. A kakar 1997 zuwa 1998 wasa 39 suka buga, ba a ci su ko ɗaya ba. Fitattun ƴan wasa irin su Chamique Holdsclaw da Tamika Catchings da Candace Parker duk a hannunta suka tashi.

An san ta da tsanani irin na mahaifinta, da wani kallo da idan ta yi wa yarinya sai jikinta ya yi sanyi. Dokarta ce ƴan wasanta su zauna a layuka uku na gaba a cikin aji, wadda kuma ta yi fashin darasi ba za ta buga wasa na gaba ba, komai gwanintarta. Sakamakon haka, duk yarinyar da ta kammala shekarunta na wasa a ƙarƙashinta ta fita da digiri. Wannan ne ya sa iyaye suke sakin jiki su ba ta amanar ƴaƴansu. A 1990 ma tana can jihar Pennsylvania a gidan wata yarinya da take nema, naƙuda ta kama ta, ta gama abin da ya kai ta a gaggauce, ta hau jirgi ta koma Tennessee, a can ta haifi ɗanta Tyler.

Ɓangaren maza

Yanzu bari mu leƙa ɗaya rumfar. A shekaru 38 ɗin da Pat ta yi, ƙungiyar maza ta wannan jami'a ta ga Ray Mears, da Cliff Wettig, da Don DeVoe, da Wade Houston, da Kevin O'Neill, da Jerry Green, da Buzz Peterson, da Bruce Pearl, da Cuonzo Martin. Wasu an sallame su, wasu sun tafi da kansu inda suka ga ya fi musu. Kowane sabo yakan zo da nasa tsari da nasa mataimaka, kafin ya san gari an fara ƙorafi. A duk tsawon lokacin ƙungiyar maza ba ta taɓa shiga cikin huɗun ƙarshe na gasar ƙasa ba, mafi nisan da ta kai shi ne cikin takwas na ƙarshe a 2010. Ita kuwa Pat sau 18 tana kai ƴan matanta cikin huɗun ƙarshe na gasar hukumar NCAA.

Har sau biyu shugabannin jami'ar suka tuntuɓe ta ko za ta karɓi ƙungiyar maza, ba ta karɓa ba. A ganinta koyar da maza ba ƙarin girma ba ne a kan koyar da mata. Sai dai kash, girman da take da shi ya daɗe bai bayyana a albashinta ba. Sai a 2006, bayan shekara 32 tana aiki da kofi shida a hannu, aka sa hannu da ita kan yarjejeniyar da ta kai dalar Amurka miliyan 1 da dubu 125 a shekarar farko, ta zama ta farko cikin masu horas da mata ƙwallon kwando da ta haye miliyan a shekara. Takwarorinta na manyan ƙungiyoyin maza sun daɗe da wuce wurin. A nan dole mu faɗi gaskiya, rabin riƙon da aka yi mata ita ce ta riƙe kanta, saboda son jiharta da ƴan matanta.

Akwai kuma wani abin mamaki da iyayenmu mata ƴan kasuwa za su gane da sauri. Binciken da malamai biyu, Vivian Acosta da Linda Carpenter, suka daɗe suna yi ya nuna cewa a 1972 fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a jami'o'in Amurka mata ne suke horas da su, amma zuwa 2014 abin ya sauko zuwa wajen kashi 43. Wato lokacin da sana'ar ba ta da riba an bar wa mata abinsu, da kuɗi suka shigo sai maza suka yi cincirindo.

Ƙarshen rayuwarta

A watan Maris 2005 ta ci wasanta na 880, ta wuce Dean Smith, wanda a lokacin ya fi kowa yawan nasara a babban rukunin jami'o'i, aka kuma sa wa dandalin wasan jami'ar sunanta. A watan Fabrairu 2009 ta cika nasara 1,000. A watan Agusta 2011, tana da shekara 59, ta fito da kanta ta sanar cewa likitoci sun same ta da cutar mantuwa ta Alzheimer. Jami'ar ba ta yar da ita ba, an bar ta ta ƙarasa kakar tare da taimakon mataimakanta, sannan ta sauka a watan Afrilu 2012 da nasara 1,098 da faɗuwa 208. A shekarar Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula a Amurka. Ta kafa gidauniyar yaƙi da wannan cuta, ta rasu a Knoxville ranar 28 ga Yuni 2016 tana da shekara 64.

Bayanta tsofaffin ɗalibanta biyu suka gaje ta, Holly Warlick daga 2012 zuwa 2019, da Kellie Harper daga 2019 zuwa 2024, dukkansu an sallame su, kuma har zuwa 2025 ƙungiyar ba ta sake shiga huɗun ƙarshe ba. Su kuwa maza, da aka ɗauki Rick Barnes a 2015 aka bar shi ya zauna, sai ga shi ya kai su cikin takwas na ƙarshe a 2024 da 2025. Ashe abin ba na jinsi ba ne, na haƙuri da riƙo ne.

Daga baya wasu sun wuce ta a yawan nasara, amma darasin da ta bari yana nan. Gwani ba ya nuna a shekara ɗaya, sai an yi haƙuri da shi lokacin da yake faɗuwa, idan kuma ya nuna a biya shi haƙƙinsa tun bai roƙa ba, mace ce ko namiji. Ba kowane gwani ne zai yi zaman shekara 32 yana jiran a san darajarsa ba.