Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin da ya riƙe tawakkali har ƙarshen rayuwarsa

A Ƙofar Ran da ke birnin Bauchi ne kabarin Firaministan Nijeriya na farko, Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, yake. Mai ziyara yakan fara bi ta wani lungu mai duhu kafin haske ya fara ratsowa, har ya fita sarari inda kabarin yake. An tsara ginin haka ne domin tuna wa jama'a ƙuncin da ƙasar ta shiga da kuma yadda Allah ya fitar da ita.

An haifi marigayin a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke kudancin Jihar Bauchi ta yanzu. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba ɗan sarauta ba ne. Bayan karatun allo, Abubakar ya yi makarantar boko a Bauchi, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1928. Ya kammala a 1933, ya dawo gida ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, inda daga baya ya zama shugabanta.

A farkon aikin koyarwarsa ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934 bayan gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya. A cikinsa, wani dattijon malami da ke zaune a Rauta, kusa da Bauchi, yana ba almajiransa labarin rayuwarsa: yadda aka sace shi yana yaro a zamanin cinikin bayi, aka raba shi da mahaifiyarsa, aka ƙetara Sahara da shi, amma a kowane mataki Allah ya kuɓutar da shi har ya zama malamin da ake zuwa wurinsa daga nesa. Darasin a fili yake, wato wanda ya tuna yadda Ubangiji ya cece shi jiya ba zai yanke ƙauna yau ba. Marubucin yana da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin.

Bayan karatun shekara guda a Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, an zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Arewa, sannan ya shiga Majalisar Dokoki ta Legas a 1947. A 1950 ya gabatar da ƙudurin neman yi wa mulkin En'e garambawul domin talaka ya samu ta cewa. A zamanin da ba kowa ke iya ɗaga murya a gaban sarakuna ba, wannan mataki ya buƙaci ƙarfin zuciya.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, kana Firaminista a 1957. Tun farko yana shakkar ko ƙabilun Nijeriya za su iya zama ƙasa ɗaya, amma ziyarar da ya kai Amurka a 1955, inda ya ga al'ummomi mabambanta sun dunƙule, ta sauya masa tunani.

Ranar 1 ga Oktoba, 1960, ya karɓi takardun 'yancin kai a Legas. A jawabinsa ya nuna cewa tuna wannan alfarma zai riƙa ba shi ƙarfi da ƙwarin gwiwa wajen yi wa ƙasa hidima. Kwana shida bayan haka Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnatinsa ta aika sojoji Kwango domin wanzar da zaman lafiya, ta yi adawa da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ta kuma taka rawa wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963.

A cikin gida kuwa, al'amura sun riƙa dagulewa. Rikicin ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, da taƙaddamar zaɓen Disamba 1964, da tarzomar da ta biyo bayan zaɓen Jihar Yamma a Oktoba 1965, sun jefa jama'a cikin fargaba. Masu suka sun zarge shi da jinkirin ɗaukar mataki, magoya bayansa kuma suna ganin haƙuri ne irin na mai gudun zubar da jini. Duk da haka bai bar bakin aikinsa ba. A Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya.

Kwanaki kaɗan bayan taron, a daren 15 ga Janairu, sojoji masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kawo ta Bauchi aka binne. Ya rasu yana da shekara 53, bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba.

A yau hotonsa na jikin takardar naira biyar, jami'ar tarayya da ke Bauchi kuma tana ɗauke da sunansa. Ɗalibai na ci gaba da karanta Shaihu Umar, wanda aka mayar da shi fim a 1976. A wannan lokaci da matsalar tsaro da tsadar rayuwa ke tayar wa mutane hankali, tarihinsa na tuna wa 'yan ƙasa cewa Nijeriya ta ga juyin mulki da yaƙin basasa bayan rasuwarsa, kuma Allah ya tsallakar da ita. Allah ya jiƙansa da rahama.