Karl Landsteiner, Likitan da Ya Rarrabe Jini

An haifi Karl Landsteiner a ƙasar Ostiriya ran 14 ga Yuni, 1868. Yana shekara shida ubansa ya rasu, uwarsa ce ta rene shi. Ya koyi aikin likita a jami'ar Biyana, ya gama cikin 1891.

A zamanin nan in an ɗura wa majinyaci jinin wani, wata sa'a ya warke, wata sa'a ya mutu, ba wanda ya san dalili. Landsteiner ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa ya yi ta gaurayawa, ya ga na wani in ya gamu da na wani sai ya dunƙule. Cikin 1901 ya bayyana iri uku, watau A da B da O. Da shekara ta kewayo aka gano na huɗu, AB.

Cikin 1910 waɗansu masana suka nuna gadon irin jini a ke yi daga iyaye. In uwa da uba duka O ne, ɗansu ma O ne. Ba a daɗe ba alƙalan Turai suka fara karɓar shaidar jini a shari'ar musun ɗa. Amma fa jini kore mutum kaɗai ya ke iya yi, ba ya tabbatad da uba, gama dubban mutane jininsu iri ɗaya ne.

Bayan yaƙin duniya na fari ya koma Holan, daga nan ya wuce Amurka. Can shi da Philip Levine suka gano alamun M da N da P cikin 1927, gwajin ya ƙara ƙarfi. Aka ba shi kyautar Nobel cikin 1930. Ya rasu ran 26 ga Yuni, 1943.

Bayansa aka ga ƙa'idar tana da togaciya. Cikin 1952 aka sami mutane a Bombay waɗanda, saboda sauyin wata ƙwayar gado, jininsu ya kan fito kamar O, alhali suna iya gadar wa 'ya'yansu A ko B. Gwajin DNA na yau ma haka ne, ƙwayar gado ta kan sauya tsakanin uba da ɗa. Don haka masana ba su kore uba saboda saɓani a wuri guda, sai sun duba wurare da yawa, gama mutuncin mace da asalin yaro ke bisa ma'auni.