Tarihin Geoffrey Harris, masanin da ya danganta ƙwaƙwalwa da haihuwa

An haifi Geoffrey Harris a birnin Landan a shekarar 1913. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, sannan ya kammala koyon aikin likita a asibitin St Mary's.

A zamaninsa, masana sun ɗauka cewa wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira pituitari, ita ce ke juya akalar sinadaran haihuwa.

Sai dai Harris ya dage cewa ita ma umarni take karɓa daga ƙwaƙwalwa, ta wasu siraran jijiyoyin jini.

A 1952, shi da Dora Jacobsohn suka nuna cewa ɓerayen da aka dasa wa tsokar kusa da waɗannan jijiyoyi sun ci gaba da ɗaukar ciki, yayin da waɗanda aka dasa wa nesa da su suka kasa.

Duk da adawar fitaccen masani Solly Zuckerman, ra'ayin nasa ya samu karɓuwa. A 1962 ya zama farfesa a Jami'ar Oxford.

Ya rasu a watan Nuwamban 1971, shekarar da Andrew Schally ya bayyana tsarin GnRH, sinadarin da Harris ya daɗe yana farauta. Schally da Roger Guillemin ne suka samu lambar yabo ta Nobel a 1977.

A kan binciken Harris likitoci suka ɗora fahimtarsu game da rikicewar al'adar mata, da cutar PCOS mai hana ƙwan mace fita, wadda ke cikin manyan musabbaban rashin haihuwa.