Tarihin Likita Ronald Ross, Wanda Ya Tona Asirin Sauro

Babu wani daga cikinmu wanda bai taɓa kwanciya da masassara ba, musamman da damina ko da kaka. Da yawanmu kuma mun ga an binne ƙane ko ƙanwa saboda ita. Tun muna yara mu kan ji ana cewa ɗanyar masara ce ke kawo ta, ko raɓa, ko sabon ruwa. Turawa ma da can haka su ke cikin duhu, suna tsammani mugunyar iskar fadama ce, har sunan da suka ba ciwon, watau maleriya, ma'anarsa da bakin Italiya mugunyar iska. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba da labarin mutumin da Allah ya nufa ya gano gaskiyar al'amarin.

An haifi Ronald Ross cikin 1857 a garin Almora, ƙasar Hindu. Ubansa babban hafsan soja ne. Da ya kai shekara takwas sai aka aika da shi Ingila karatu. Shi dai ransa ya fi kwanta wa tsara waƙa da zane da lissafi, amma ubansa ya ce likita ya ke so ya zama. Ya bi umurnin mahaifi, ya shiga koyon aikin a London cikin 1874, sa'an nan ya koma Hindu cikin 1881 yana likitan soja. Shekarunsa na fari a can ba wanda ya ga alamar zai yi wani abin kirki.

Kafin wannan, cikin 1880, wani likitan Faransa mai suna Laveran ya duba jinin wani majinyaci a Aljeriya da madubin likita, ya ga waɗansu ƙananan halittu masu rai suna zaune cikin jinin, suna cinsa. Su ne ke kawo zazzaɓi. Amma ta ina su ke shiga jikin mutum? Nan fa aka tsaya. Shi kansa Ross da fari bai yarda akwai su ba, don ya nema bai gani ba. Sai cikin 1894, da ya zo hutu London, wani dattijon likita, Patrick Manson, ya zaunar da shi ya nuna masa su da idonsa, ya kuma gaya masa yana zaton sauro na da hannu a ciki. Ross ya koma Hindu cikin 1895 da niyyar sai ya ga ƙarshen maganar.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Ya kan sa sauro ya ciji mai masassara, sa'an nan ya feɗe cikin sauron da allura, ya yi ta dubawa a madubi sa'o'i. Shekara biyu yana haka bai ga kome ba, don ashe ba irin sauron da ya kamata ya ke feɗewa ba. A garin Sikandarabad zafi ya tsananta, ga shi ba dama a yi masa fifita, don iska sai ta kwashe abin da ya ke dubawa. Gumi ya sa madubinsa tsatsa, gilashinsa ya tsage, shi kuma ciwon da ya ke farauta ya kama shi. Ga manyansa na soja ba su ɗauki abin a bakin kome ba.

Ran nan aka kawo masa waɗansu sauraye masu ɗigo-ɗigo a fiffike, waɗanda in sun sauka su kan ɗaga gindi sama. Ya sa suka sha jinin wani majinyaci, ya riƙa feɗe su ɗaya ɗaya har saura biyu. Ran 20 ga Agusta 1897 ya feɗe guda, yana duba fatar tumbinsa a gajiye, sai ya ga waɗansu ƙulli-ƙulli masu baƙin ɗigo, irin baƙin da ke cikin halittun nan na jini. Kashegari ya feɗe na ƙarshe, ya tarar sun ƙara girma. Abin da ke girma kuwa mai rai ne. Watau ciwon ya sami masauki cikin sauro.

Ana cikin haka sai aka ta da shi zuwa wani wuri inda masassara ba ta da yawa, aiki ya tsaya wata da watanni. Manson ya yi ta kai da kawowa a London har aka sake shi ya tafi Kalkata cikin 1898. A nan ya juya kan ƙananan tsuntsaye, don su ma suna da irin tasu masassarar, wani bara nasa Muhammadu Bux yana kamo masa sauro. Ya bi halittun nan kwana da kwanaki, ya ga ƙullin ya fashe, 'ya'ya siri-siri sun fito sun taru inda sauro ke ajiye miyau. Ya sa saurayen suka ciji tsuntsaye masu lafiya, suka kamu. Shi ke nan, asiri ya tonu: sauro ya kan ɗauko daga jinin marar lafiya, ya yi renonsa kamar kwana goma ko fi, ya tofa wa mai lafiya sa'ad da ya cije shi.

Gaskiya ita ce ba shi kaɗai ya gama aikin ba. Wani masanin Italiya, Grassi, da abokansa su ne suka tabbatar cikin 1898 da 1899 cewa masassarar mutane sauron da a ke kira Anofilis ke ɗaukarta, tamatar kuwa ita ke cizo. Cikin 1900 Manson ya sa aka kawo sauro daga Rum ya ciji ɗansa na cikinsa a London, yaron ya kamu, aka warkar da shi da kwinin. Abin baƙin ciki, Ross ya yi shekaru yana jayayya da Grassi a kan wa ya riga wa, har ya ɓata da Manson wanda ya ɗora shi a hanya. Ilmi bai raba shi da zafin rai ba, wannan kuwa abin lura ne gare mu.

Cikin 1899 ya bar aikin soja ya zama malami a makarantar ciwace-ciwacen ƙasashen zafi ta Liverpool. A shekarar nan ya zo Saliyo, ya bi kududdufan Firitawun yana nuna inda sauro ke ƙyanƙyasa. Aka ba shi kyautar Nobel cikin 1902, Sarkin Ingila kuma ya ba shi lambar girma cikin 1911. Lissafin nan da ya ke so tun yana yaro bai tafi banza ba, don da shi ya nuna ba sai an kashe sauro duka ba. In an rage yawansa ƙwarai, ciwon zai ja da baya da kansa. Ya rasu a London ran 16 ga Satumba 1932, yana da shekara 75.

To, 'yan'uwa, sauro dai bai mutu tare da shi ba, har yau yana kashe yara a garuruwanmu. Mu da za mu fita koyarwa, ba mu da madubin likita, amma muna da ido. Mu kai almajiranmu bakin kwatami su ga tsutsar sauro na wutsil-wutsil, su kife kasko da gwangwani, su rufe randa, su cike rami, su kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi a tafi asibiti da wuri. Yaron da ya gani da idonsa shi zai gaya wa uwarsa. Allah ya ba mu lafiya da ilmi mai amfani, amin.