Muhammadu al-Kashnawi: Bakatsinen da ya koyar da lissafi a Alƙahira

Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi na cikin manyan malaman da Katsina ta haifa a ƙarni na 18. Ya yi karatu a hannun malamai irin su Shaihu Muhammadu al-Wali na Bagirmi da Shaihu Muhammadu Bindu, ya ƙware a nahawu da manɗiƙi da ilimin taurari da hisabi. Daga bisani ya nufi gabas, ya sauke farali, sannan ya zauna a Alƙahira.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne ilimin aufaƙi, wato hatimi. A nan ana jera lambobi cikin gidaje ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimlarsa ɗaya ce. Malaman zamaninsa sun haɗa wannan fanni da sirrin haruffa, amma ƙashin bayansa lissafi ne tsantsa. A hatimi mai gida 9, lambobi 1 zuwa 9 suna ba da 45; a raba wa layi 3, kowanne ya tashi da 15, kuma tilas 5 ta zauna a tsakiya. A mai gida 25, jimlar 325 ce, kowane layi 65. Wanda ya san haka ya huta da cacar cika gidaje yana gogewa.

A littafinsa Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta a 1732, ya shimfiɗa ƙa'idojin gina hatimi mai layuka mara, kamar 3 da 5 da 7, bi da bi, yadda ɗalibi zai san mazaunin kowace lamba kafin ya ɗora alƙalami. Ya kuma wallafa Durrul Manzum kan taurari, da Manhul Ƙuddus kan manɗiƙi.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ya ɗauki ilimin aufaƙi daga gare shi. A gidan ne Allah Ya yi masa rasuwa a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan Shaihu Hasan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana labarinsa. A 1973 Claudia Zaslavsky ta Amurka ta sake fito da aikinsa a littafinta Africa Counts.

A yau hatimi mai gida 9 na cikin aikin gida da 'yan firamare ke kawo wa iyayensu, sau da yawa ba tare da kowa a gidan ya taɓa jin sunan al-Kashnawi ba. Hanyarsa kuwa tana nan da amfaninta: a fara gano abin da ya zama dole, sannan a nemi amsa. Da ita ake warware tambayar riba da faɗuwa, da ita kuma ake daidaita kasafin ofis. Allah Ya jiƙansa da rahama.