Moustapha Alassane: makanikin da ya naɗa kwaɗo shugaban ƙasa

Duk wanda ya kunna talabijin a Kumasi, Garwa ko Njamena yana neman fim ɗin katun, abin da zai tarar na yara ne, kuma galibi daga Amurka, Faransa ko Japan aka kawo shi. Magidanci kuwa, in yana son zanen da zai ba shi dariya ya kuma taɓo abin da ke damunsa, sai ya sha nema. Amma tun shekarun 1960 wani ɗan Nijar ya nuna cewa ana iya yin irin wannan a gida. Sunansa Moustapha Alassane.

An haife shi a N'Dougou a 1942. Kanikanci ya fara koya, zane kuwa shi ya koya wa kansa. Tun yana saurayi yake haɗa wasan inuwa da fitila, yana haska hotunan da ya zana, jama'a na taruwa suna kallo. A Yamai ya samu aiki a cibiyar bincike ta IFAN, inda ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya jawo matasan Nijar da dama cikin harkar fim. Daga nan hanya ta buɗe masa zuwa Kanada, ya ga yadda Norman McLaren ke sa zane motsi a hukumar fina-finan ƙasar da ke Montreal.

Fim ɗinsa na farko, Aouré, ya fito a 1962, kuma sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe: kan aure yake. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, fim ɗin zane da ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966.

A wannan shekarar ta 1966 ne ya fitar da Bon voyage Sim, wanda tsawonsa bai wuce kimanin minti biyar ba. Sim kwaɗo ne, shugaban jamhuriyar kwaɗi, da aka gayyata ziyarar aiki wata ƙasa maƙwabciya. Ga jirgin sama, ga faretin soja, ga 'yan kallo, ga gaishe-gaishen manya, komai yadda ake yi wa shugabanni, sai dai duka kwaɗi ne masu tumbi. A tuna lokacin: shekara shida kacal da samun mulkin kai, Diori Hamani na kan mulki, jam'iyya ɗaya ce ke da bakin magana, kuma labaran majigi cike suke da saukar shugabanni da tashinsu a filin jirgi. Yaro zai yi dariya don ya ga kwaɗo da alfarma. Babba ya san wa ake nufi. Dabarar ta gizo ce: a ɗora wa dabba maganar da ba a iya faɗa wa sarki ido da ido.

Ba a zane kaɗai ya tsaya ba. Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966, labarin wani matashi ne da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Zalika Souley da Djingarey Maïga na cikin 'yan wasan. A 1972 ya yi F.V.V.A., wato mace, gida, mota, kuɗi, kan ƙaramin ma'aikacin da burin rayuwar manya ya jefa cikin halaka. Toula, wanda ya ɗauko daga labarin Boubou Hama, ya biyo baya, sai Samba le grand a 1977, da 'yan tsana.

Ya shafe shekaru yana jagorantar sashen fim a jami'ar Yamai. Daga baya ya koma Tawa da zama, ya buɗe masauƙin baƙi, ya mai da wani ɓangarensa wurin aiki. A can yake harhaɗa 'yan tsanarsa da na'urorinsa da hannu, har ya koyi yin zane a kwamfuta da furfurarsa. Kokoa, na 2001, kokawar gargajiya ce tsakanin dabbobi, da kwaɗi da hawainiya a fili. Wanda ya taɓa zama gaban rediyo lokacin gasar takobi ba ya buƙatar a fassara masa komai a ciki.

Abin takaici, sunansa ya fi zagawa a bukukuwan fina-finai na Turai da Wagadugu fiye da a gidajen talabijin na yankinmu. Fim ɗin zane yana cin lokaci da kuɗi, domin daƙiƙa ɗaya tana buƙatar hotuna masu yawa, tashoshi kuma sun fi samun sauƙin sayo na waje. Shi ya sa aikinsa ya tsaya a gajerun fina-finai, bai zama shiri mai dogon zango da za a riƙa jira kowane mako ba.

Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015. Bayan shekara biyu, gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya shirya nunin fina-finansa.